Godiya bayan aikin idona

Alhamdulillahi, yau sati uku da yi mini aikin ido da hasken na'ura mai ƙarfi da ake kira lesa, kuma jiya na koma kan keken ɗinki.

Shekara biyar ina fama da ciwon kai da zarar la'asar ta yi. Idona ya yi nauyi, zare ya ƙi shiga allura. Duk inda aka gwada ni sai in karance allon nan har layin ƙasa, a ce lafiyata ƙalau. Sai da Allah ya haɗa ni da wata likita da ta ɗiga mini maganin da ke sassauta tsokar cikin ido, sannan ta sake awo. Nan lambar tabarau +3.00 ta fito. Ashe ƙwayar idona gajeriya ce, tun ƙuruciya tsokar ce ke ta maƙurewa tana rufa mini asiri, sai da na kusa shekara 35 ta fara gajiya. Likita, wannan ɗigon naki shi ya raba ni da wahala. Allah ya saka miki da alheri.

Ba ta yi gaggawa ba. Tabarau ta fara ba ni, na sa shi fiye da shekara har lambar ta tsaya cak, aka auna kaurin fatar gaban idon, sannan aka ce zan iya. Aikin bai kai minti 20 ba, idona biyu, babu allura. Hasken yana ɗan shafe gefen fatar ne don tsakiyarta ta ƙara tudu. Na ji ƙauri kamar na gashi, tsorona ke nan.

Yaya, ke kika riƙe hannuna a mota ina hawaye, ke kike tashi ɗiga mini magani, kika kuma ɓoye kwallina. Maigida, kai ka biya ba tare da ka ɗaga mini murya ba. Hajiya, addu'arku ta isa. Yaran shago, kun gama ɗinkin biki ba ni nan, Allah ya yi muku albarka.

Masu tambaya ta waya, a kwanakin farko nesa ta ɗan yi mini hazo, kuma har yanzu idon na bushewa, shi ya sa ƙurar hunturu ba ta ganina sai da baƙin tabarau. An kuma faɗa mini tun kafin aiki cewa bayan 40 zan iya komawa ga tabarau na karatu, na amince.

Ranar Litinin zan koma a sake dubawa. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.