Abin da Ranar Pi ta koya mini kafin in ajiye alli

A ƙarshen wannan zangon zan bar makarantar da nake koyar da lissafi a Gusau. Abokan aiki na ta tambayata dalili, gara in faɗa sau ɗaya kowa ya huta.

Duk wanda ya taɓa riƙe 'yan ƙaramar sakandare ya san matsalar. Ka tambayi yaro mene ne pi, wato lambar da ake samu idan aka raba zagayen da'ira da faɗinta, ya ce maka 22/7, hadda ce kawai, bai san inda ta samo asali ba. Shi ya sa a 2023 na ƙudurta mu yi Ranar Pi. Ana yin ta ne ranar 14 ga Maris, don Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana, sai kwanan ya fito 3/14, ya yi daidai da 3.14, farkon lambobin pi. Larry Shaw ne ya fara bikin a San Francisco a 1988, a 2019 kuma UNESCO ta ayyana ranar a matsayin Ranar Lissafi ta Duniya.

Da na kai wa shugaban makaranta maganar, ko kai bai ɗago ba. Ya ce, "Malam, wanga biki na Turawa ne, mu manhaja ke gabanmu." Na ce, "Ranka ya daɗe, ai ba nasu ba ne su kaɗai. Jamshid al-Kashi, malami Musulmi a Samarkand, ya fitar da lambobin pi guda 16 bayan ɗigo tun 1424." Ya ce in je in yi, amma kada in nemi ko kwabo. Da baki ya faɗa, ni da shi a ofis.

Lokacin ana tsakiyar ƙarancin takardun naira. Da kuɗina, bayan mai POS ya yanki nasa, na sayi zare da kwali da tef irin na tela. Yara suka zo da faifai, murfin tukunya, gwangwanin madara, wani ma ya gangaro da tsohuwar tayar babur tun daga gida. Muka zauna gindin darbejiya. Kowa ya zagaye abinsa da zare, ya auna, ya raba da faɗinsa ta tsakiya. Wannan ya samu 3.1, wancan 3.2. Wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta a aji ba ta auna faifai, ta koma ta auna tayar, sai ta miƙe tana cewa, "Malam, ai ƙarami da babba duk abu guda suke bayarwa!" Ita ce ta kuma tambaya me ya sa kalkuleta ke nuna 3.1415 alhali 22/7 na ba da 3.1428. Nan na ba su labarin Archimedes, masanin lissafin Girka na zamanin da, wanda ya yi amfani da siffa mai gefe 96 ya nuna pi ta fi 223/71 amma ba ta kai 22/7 ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin koyarwa irin na wannan rana ba.

Muna cikin haka sai ga masu duba makarantu. Suka tsaya, suka yaba. Ina tsaye shugaba ya ce musu wannan sabon tsari ne da shi ya ɓullo da shi. Na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne takardar tuhumar da ta biyo baya a makon: wai na fitar da ɗalibai daga aji ba da rubutaccen izini ba. Malaman da suka sha inuwa tare da mu ranar, babu wanda ya yi ko tari a taron ma'aikata. Zangon da ya biyo aka karɓe ajin aka ba wani.

Don haka kai sabon malami, izinin baki ba izini ba ne, a rubuta, a sa hannu, ka ajiye kwafi a gida. Kada ka zuba albashinka a aikin da wani zai sa wa sunansa. Darasi kuwa, ka sa abu a hannun yaro ya auna da kansa, ko da murfin kwano ne.

Na rubuta ina roƙon a cire takardar daga fayil ɗina, na bi ta hannun dattawan malamai. Har yau tana ciki, kuma da ita zan tafi duk inda aka kai fayil ɗin.