Ga ƙannena da suka ɗauke ƙafa daga ikilisiya saboda ciwo

Akwai wata yarinya a ikilisiyarmu a nan Jos, tana cikin ƙungiyar mawaƙa, ba ta daɗe da aure ba aka gano ɗanta na fari yana da sikila. Tun daga nan ta ɗauke ƙafa, ba sujada, ba koyon waƙa, in an kira waya ba ta ɗauka. Na ci karo da ita a kasuwa wajen masu tumatir, yaron yana goye ya lanƙwashe wuya, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, na ce ɗiyata ya jikin yaro? Ta ce Mama lafiya lau, mu ba mu karɓi wannan ciwon ba a cikin sunan Yesu. Ta ƙara da cewa akwai wani bawan Allah da take kallo a Facebook, can za ta kai shi kwanan addu'a. Jikina ya mutu, domin wannan maganar daga bakina ta taɓa fitowa, kalma da kalma.

Ɗana na biyu da sikila aka haife shi. A zamanin da muka yi aure ba wanda ya ce mana mu je a gwada jini, ba mu san ni da babansa dukanmu AS ba ne, wato masu ɗauke da sikila a jini ba tare da ciwon ba, sai da yaro ya fara kumburin hannu da ƙafa yana kuka dare da rana, ko taɓa shi ka yi sai ihu. Likita ya zaunar da mu ya yi bayani, ya ce in iyaye biyu AS ne to kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya zo SS, wato mai sikila, ya ce a riƙa ba shi ruwa sosai, a kiyaye shi daga sanyi da cizon sauro, kada a fasa ƙwayoyin da ya rubuta. Na ji da kunne amma zuciyata ba ta ji ba. Abin da ke kaina shi ne me mutane za su ce, ni da nake tsayawa a gaban Zumuntar Mata ina bi da addu'a, ni da ake turo wa matan da aurensu ke rawa.

Sai na ɓoye. In an tambaye ni sai na ce zazzaɓi ne. Kuma don Allah kada a ɗora mini laifin duka, domin sau ɗaya da na buɗe baki na gaya wa wata da nake gani kamar yayata, abin da ta ce mini shi ne in binciki kaina ko akwai zunubin da ban tuba ba, ko kuma a duba gidan mijina ko akwai abin da kakanni suka binne. Kafin Lahadi ta zagayo magana ta kai wajen mutanen da ko gaisawa ba ma yi. To wa zai ji wannan ya sake buɗe baki? Har yau in na tuna ina ganin ina da hujja. Amma mace ɗaya ce ta yi mini haka, ni kuma na hukunta ikilisiya gaba ɗaya, har da waɗanda suka zo ƙofar gidana da kwanon abinci na aika yara su ce ba na nan, ina ciki ina jin takun tafiyarsu.

Addu'a ma na daina, ko in ce na mai da ita ciniki. Zan durƙusa in ce Ubangiji in ka warkar da shi zan yi kaza, zan ba da kaza, in ciwon ya tashi kuma sai in yi fushi in rufe Littafi Mai Tsarki in tura shi ƙarƙashin kaya. Daga nan na fara yawon gidajen addu'a a ɓoye, inda ba a san ni ba, domin a can ba sai na ji kunya ba. A ɗaya daga ciki aka ce mini shan magani alamar shakka ce, in ajiye ƙwayoyin, kuma ni da yaron mu yi azumi ba ci ba sha. Yaro mai sikila, a hana shi ruwa! Na san abin da likita ya faɗa, na sani sarai, amma na yi. Ina so in ce gajiya ce, uwar da ba ta barci ba ta tunani daidai, kuma gaskiya ne, amma akwai girman kai a ciki, ina so a ce bangaskiyata ce ta warkar da shi in tsaya a gaba in ba da shaida.

Lokacin hunturu ne, kun san sanyin Jos. Cikin dare jikinsa ya rikice, tafin hannunsa ya yi fari fat, leɓensa ya bushe, numfashi sama-sama. Muka kwashe shi sai asibiti, aka ce sai an ƙara masa jini yanzu yanzu, mu nemo wanda zai bayar. Na tsaya a barandar nan da zani ɗaya ina lissafin wanda zan aika wa, ban sami ko mutum ɗaya da ban kore shi ba. Babansa ne ya hau mashin ya je ya buga ƙofar wani dattijon ikilisiya, shi kuma ya bi gida gida ya taso samarin Zumuntar Matasa, suka zo da rigunan sanyi idonsu duk barci suka jera a benci ana gwada jininsu. Ba wanda ya tambaye ni ina na shiga duk watannin nan. Yaron ya tashi, yana nan da ransa har yau, ciwon ma yana nan, Allah bai ɗauke shi ba.

Wata tsohuwa kuma, gwauruwa, ko karatu ba ta iya ba, ita ta riƙa zuwa da kunu a jarka ta shimfiɗa tabarma a gefen gadon ta zauna. Ba ta yi mini wa'azi ba. In na fara kuka sai ta kama hannuna ta ce Uba, ga ɗiyarka, ka gan ta, amin. Addu'ar ke nan gaba ɗaya, kuma ita ta riƙe ni a lokacin da nawa bakin ya kasa.

Na yi niyyar rubuta muku shawarwari da yawa amma da na zauna sai na ga ba su da yawa. Ku faɗa wa mutane. Ba status na WhatsApp ba, abin nan yana ba ni haushi, ku sa hoton kyandir da fuskar kuka mutum ɗari biyu su gani, a rubuto muku Allah ya kawo sauƙi, kowa ya wuce, ku kuma ku ce ai kun faɗa. Ba ku faɗa ba. Ku je gidan mutum ku zauna ku ce ga halin da nake ciki. Yesu da kansa a Getsamani ya ja Bitrus da Yaƙub da Yohanna gefe ya gaya musu ransa yana shan wahala har kamar ya mutu, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. Barci suka yi, i, amma ya roƙa. Ke wace ce da za ki fi ƙarfin roƙo?

Sai dai kuma kada ku faɗa wa kowa. Na san yanzu na ce ku faɗa, to duka biyun nake nufi. Abokan Ayuba, su Elifaz da Bildad da Zofar, kwana 7 suka yi zaune da shi a ƙasa ba magana, nan ne suka yi daidai, da suka buɗe baki sai neman laifinsa suka shiga yi, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Irinsu suna nan a kowane benci. Wanda ya fara tambayar zunubin wa ya jawo, ku tuna masa da Yohanna 9, mutumin da aka haifa makaho, Yesu ya ce ba shi ba ne ba kuma iyayensa ba. Ku tashi ku nemi wani, amma kada ku koma ɗaki ku kulle kamar yadda na yi.

Addu'a kuma ku yi ta ko da fushi ne. Ku buɗe Zabura 88 ku karanta, daga farko har ƙarshe kuka ne, da duhu ta ƙare, kuma an bar ta a cikin Littafin. Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, alheri aka ba shi. Ku na yanzu an koya muku cewa in ba a warke ba to bangaskiya ce ta gaza, kuna bin duk wanda ya iya ihu a makirfo, fastonku da ya san sunan yaranku kuma kun raina shi. Duk wanda ya ce ku ajiye magani ko ku hana mara lafiya ruwa, ku ɗauki yaronku ku fita, ba sai kun yi sallama ba. Luka da ya rubuta Bishara likita ne.

Ku kuma da ba ku yi aure ba tukuna, ku je a gwada jininku tun kafin soyayya ta yi nisa, ba sai an sa rana ba ku zo kuna kuka a ofishin fasto. In kun je, ku tambayi rukunin jininku ma ku riƙe shi a ka, ku bar lambarku wurin shugaban matasa, kuma ku daina kashe waya da dare.