Filina na farko a Garwa

Alhamdulillahi, yau takardar mallakar filina ta fito, bayan shekara biyu ina sintiri tsakanin ofishin safiyo da wajen notaye, wato jami'in shari'a mai tabbatar da takardun ciniki. A Kamaru, tun dokar 1974, wannan takarda ce hujjar da hukuma ta sani. Sa hannun jauro da shaidu yana da amfaninsa, amma bai kai ta ba.

Fili na farko da aka nuna min yana can gangaren kogin Binuwai, shimfiɗaɗɗe, ga araha. Har na shirya biya, Baba ya ce, "Ɗana, ka bari Agusta ta zo, mu je mu gani." Raina ya ɓaci, don gani nake ni na yi boko, ni na san lissafi. Da muka koma, ruwa har gwiwa. Ya tsaya shiru, sannan ya nuna min inda ambaliyar 2012 ta kai.

Na haƙura na sayi ƙarami a kan tudu, nesa da gari. Inna ta riga ta zaɓi inda za a dasa darbejiya, kuma ɗakinta zan fara ɗorawa in damina ta wuce. Allah Ya ja kwanansu su shiga da ƙafarsu.