Ranar da na yi ta'aziyyar wadda ba ta mutu ba

Watana takwas a garin Bradford na Ingila abin ya faru, cikin Disambar 2024, lokacin da rana ke faɗuwa tun ƙarfe huɗu ba ta yi ba. Aikin kula da tsofaffi nake yi a wani gida da ke bayan gari, takwas na safe zuwa takwas na dare. Ina cikin gyaran gado sai wata abokiyar aikina ta leƙo a gaggauce, ta ambaci tsohuwar ɗakin ƙarshe, ta ce "she's passed out", ta wuce da gudu.

Ni "passing out" ɗin da na sani na bautar ƙasa ne, ranar da muka yi fareti aka miƙa mana takardar shaida, kowa ya kama gabansa. Wato an gama. To tsohuwa mai shekara casa'in me za ta gama in ba zaman duniya ba? Ga shi na san "passed away" da "passed on" duk rasuwa ce. Na yi salati. Ni ke mata wanka, ni ke taje mata kai. Na fito idona cike da ƙwalla, sai ga 'yarta a bakin ƙofa da furanni a hannu, ta zo dubiya. Na yi abin da aka tarbiyyantar da ni a kai, ba a wuce mai rashi ba a gaishe shi ba. Na riƙe hannunta na yi mata ta'aziyya.

Matar nan ta zube a ƙasa tana kiran uwarta. Har yau ina jin muryar. Ashe suma tsohuwar ta yi, jininta ne ya sauka da ta miƙe tsaye, kuma kafin minti biyar ta farfaɗo.

Washegari aka kira ni ofis, aka rubuta abin a fayil ɗina. Manaja ba ta ɗaga mini murya ba, tambayata kawai ta yi ko ina buƙatar darasin Turanci. Gara mari da wannan tambayar. Da Turanci na yi karatu tun firamare har jami'a, na zauna jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS na ci. Amma na yi shiru, domin bizata a ɗaure take da wurin aikin nan, in suka sallame ni kwana 60 ake ba mutum ya samu wani ko ya tattara.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da "fainted" ta ce, da ba a yi haka ba. Manyan kalmomi aka koya mana a gida, mai zuba su shi ake ce wa ya iya Turanci. A nan kuwa ba mai ce miki "tolerate", sai "put up with". Ba "postpone", sai "put off". Aikatau ƙarami suke ɗauka, su rataya masa wata 'yar kalma, ma'ana ta juye gaba ɗaya. "Turn down" rage ƙarar rediyo ne, kuma ƙin karɓar tayi ne. "Turn up" ƙara murya ne, kuma isowar mutum ce. Tsohuwar ma da ta farfaɗo cewa suka yi "she came round", alhali da wannan maganar maƙwabciyata ke gayyata ta shan shayi.

Na sayi ƙaramin littafi, duk wadda na ji sai na rubuta ta tare da jimlar da ta zo a ciki, don ita kaɗai ba ta da amfani. A nan na lura ana cewa "pick her up" da "turn it off", wakilin suna a tsakiya, amma "look after her" ba a raba shi. Wata rana a cikin bas ina bita sai na ga ai mu ma haka muke. Saya, sayo, sayar, saye. Fita, fito, fitar. Mu a wutsiyar kalma muke juya ta. Ballantana "ci": a ci bashi, a ci amana, a ci jarrabawa, a ci mutunci. A kawo Baturen Yokshaya, yankin da Bradford take, kasuwar Kurmi a ce masa wane ya sha kashi, a ga ko ba zai nemi kofi ba. Ranar na sauka daga bas kaina a ɗage.

Amma da dare ba nahawu ke hana ni barci ba. Mu ma muna naɗe mugun labari. Ranar da Baba ya rasu ina makaranta, cewa aka yi jikin ya matsa, in taho, alhali an riga an yi masa sutura. Yanzu Hajiya na fama da hawan jini, kuma 'yata tana hannunta, domin daga 11 ga Maris 2024 aka hana masu irin aikina zuwa da iyali, ni kuma bayan nan na nemi biza. Duk sanda Yaya ya turo saƙo cewa Hajiya ba ta ɗan jin daɗi, sai in yi ta juya "ɗan" ɗin nan, in kira, in ce a ba ta wayar in ji muryarta da kunnena.

Jiya na kira bayan na tashi aiki. Da sanyi Kano na gabanmu da awa guda, yarinyar har ta fara gyangyaɗi, amma ta dage sai ta karanta mini aikin gida. An ba su "look for" da "look after" su sa a jimla. Ta ce ta rubuta cewa Hajiya ce ke "look after" ɗinta, ko daidai ne? Na ce daidai ne, Mamana. Hajiya ta karɓi wayar tana tambaya ko na samu man zafin da ta ba wani ya kawo mini.