Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarar da Aka Ɗora Mini Kayan Sallar Marayu

Assalamu alaikum. Makon jiya mun tsaya a daren da ƙungiyarmu ta yi taro a zauren Mai Unguwa, inda Shugaba ya ce ni zan riƙe kwamitin kayan sallar marayu na wannan shekarar. Ban karɓa ba, ban kuma ƙi ba. Bakina ne ya mutu, jama'a suka ɗauki shirun a matsayin amincewa, aka shafa fatiha aka watse.

Shekarata huɗu a ƙungiyar kafin wannan dare, ban taɓa ɗaga hannu a taro ba. Aikin gayya ne ya kai ni cikinta: yashe kwata kafin damina, da gyaran kaburburan da ruwa ya zabtare a maƙabarta. Shebur da baro ba sa neman mutum ya yi magana. Ina biyan kuɗin wata a kan kari, in zauna can bakin ƙofa kusa da takalma. A makarantar firamaren da nake koyarwa ina tsayawa gaban yara in yi ta bayani har a tashi, amma in ka ce in tsaya gaban babban mutum in nemi wani abu a hannunsa, gara ka ba ni kwatar unguwa gaba ɗaya in yashe ni kaɗai.

Ga kuma lokacin da abin ya faɗo. Fabrairun 2023 ne, tsakiyar wahalar canjin kuɗi. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa sai dai a ji labarinsu. Magidanci na da kuɗi a banki, ba shi da na kokon yara. Ana sammako a layin ATM a dawo hannu rabbana, wurin masu POS kuwa naira ake saye da naira. A wannan hali aka miƙo mini takarda mai sunayen marayu 63 a gidaje 27, azumi saura wata guda da 'yan kwanaki.

Da na koma gida na tarar Inna ba ta kwanta ba. Na zauna a gefen tabarmarta na ce, "Inna, bara suka ɗora mini."

Ta ajiye carbinta. "Bara kake ce masa?"

"To me ne, Inna, in ba ita ba?"

"Shekarar da babanku ya rasu, ka tuna buhun geron da muka wayi gari muka gani a zaure?"

Na ce na tuna.

"Har yau ban san wanda ya aiko shi ba. Amma na san ba da ƙafarsa ya zo ba. Wani ne ya ajiye kunyarsa ya je ya roƙa mana. Kai ma ka ajiye taka."

Ina da shekara tara mahaifinmu ya rasu, kuma akwai abin da ban taɓa gaya wa ko Inna ba sai a daren. A sallar farko bayan rasuwarsa, an tara mu marayun unguwa a ƙofar gidan wani mai hali, muka yi layi a rana, ana kiran suna ana miƙa yadi. Allah ya saka masa, da niyyar alheri ya yi. Sai dai bandir guda aka yanka mana duka, ruwan ƙasa mai ratsi. Ranar idi duk inda ka hango wannan yadin ka san ɗan waye. Wani yaro ya nuna ni a filin idi ya ce wa ɗan'uwansa, "Ankon marayu." Na dawo gida na cire rigar, ban sake sa ta ba. Inna ta yi ta faɗa tana zaton raini ne. Tun daga ranar duk wani abu da ya shafi karɓa ko roƙo yake mini nauyi a ƙirji.

Yunƙurina na farko bai yi kyau ba. Bayan sallar Magariba Malam Liman ya ba ni lasifika. Na rubuto jawabi shafi guda, na karanta layi biyu, murya ta fara rawa, na tsallake zuwa ƙarshe na ce Allah ya ba da ikon taimakawa. Aka zagaya da akwati. Da muka buɗe ni da Ma'aji, yawancin abin da ke ciki tsofaffin takardun 500 da 1,000 ne, waɗanda ko mai kayan miya ba ya karɓa a lokacin. Ban ga laifin kowa ba, abin da ke aljihun mutane ke nan. Ma'aji ya ƙirga ya rubuta, muka ɗaure da roba muka jefa a gwangwani.

Washegari bayan Asuba Malam Liman ya tsayar da ni. Ya ce, "Malam, taro ba ya bayarwa, mutum ne ke bayarwa. Bi su ɗaya bayan ɗaya. Kuma ka daina cewa a taimaki marayu. Ka ce akwai yaro ɗan shekara bakwai da ke buƙatar yadi uku da hula. Sannan ka tuna, wanda ba shi da kuɗi a hannu bana yana da kaya a shago."

Wannan maganar ce ta kai ni Kantin Kwari. Kasuwar da ake zuwa sari daga Nijar da Chadi da Kamaru, a makonnin nan ta yi sanyi, yaran shago na zaune a kan diloli suna danna waya. Na nufi shagon wani Alhaji ɗan unguwarmu wanda aka ce yana bayarwa duk shekara. Na gaishe shi, ya amsa, ya ci gaba da lissafinsa. Na fi awa guda a tsaye. Sau biyu ina juyawa zan tafi, maganar Inna na dawo da ni. Da ya ɗago na faɗi abin da ya kawo ni, kalma na cin karo da kalma.

Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, na bara da na bayar, ina ya shiga?"

Ba ni da amsa. Na ce an raba wa marayu. Ya ce, "Su wa? Nawa aka tara? Nawa aka kashe? Ni ɗan kasuwa ne, ko allura ta fita daga shagon nan sai an rubuta. Ku je ku dawo."

Na fito fuskata kamar an watsa mata barkono. A adaidaita sahu ina ta saƙa maganganun da ya kamata in mayar masa. Kafin in sauka na gane gaskiya ya faɗa. Babu wanda ya ci ko sisi a kwamitin bara, na san su, mutanen kirki ne. Amma ba su rubuta komai ba, sun dogara da cewa kowa ya san kowa. Ni a ganina wannan ne ke kashe yawancin ƙungiyoyin unguwa, tun kafin a kai ga maganar sata: a karɓi amanar mutane a kasa nuna musu inda ta sauka.

Na sayi littafi mai bango mai kauri da ƙunshin rasit. Kwana biyar ina bin 'yan kwamitin bara gida-gida, wannan ya tuna abu kaza, wancan ya laluɓo tsohon saƙo a waya, tela ya duba littafin awonsa. Muka haɗa abin da ya haɗu, inda ya ɓace na rubuta cewa ya ɓace. Na koma Kwari na ajiye littafin a gaban Alhaji. Ya sa tabarau ya bi shi layi-layi, ya tsaya a wuraren da na bari fili, ya ce, "Wannan ne ya sa na yarda da sauran." Ya kira yaronsa ya ce a sauko da bandir biyu.

Nan na yi abin da ban san zan iya ba. Na ce, "Alhaji, ina neman alfarma. Kada a ba mu iri ɗaya."

Ya ce bandir ya fi auki, ya fi sauƙin yanka. Sai na ba shi labarin yadi ruwan ƙasa mai ratsi, a tsakiyar shago, yaransa na ji. Ya daɗe bai ce komai ba. Daga nan ya sa aka tattaro ragowar bandira kala-kala aka auna mana, ya kama hannuna ya shiga da ni shaguna huɗu na maƙwabtansa, a kowanne yana cewa, "Ga malamin unguwarmu, yana da littafi." A ranar muka samu atamfar 'yan mata kusan duka.

Sauran ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki har ƙarshen shekara, bayan kwana goma Babban Banki ya bi umarnin, sai ga takardun da muka jefa a gwangwani sun zama kuɗi. Da su muka sayi huluna da takalma. Teloli biyar na unguwa suka raba ɗinkin a tsakaninsu kyauta, mu ne da zare da man janareto, da sharaɗin a kai musu kafin azumi, don kowa ya san in watan ya yi nisa tela ko ɗan'uwansa ba ya saurara. Awo kuwa ban yarda a tara yara ba. Matan ƙungiya suka shiga gidajen kamar masu ziyara, suka aro tsohuwar rigar kowane yaro aka kai wa tela. Ranar Alhamis 23 ga Maris aka ɗauki azumi, yadi na ƙarshe yana kan keke.

Rigimar da ta fi girma a cikin gida ta tashi. Sakataren yaɗa labaranmu, matashi mai ƙwazo wanda shi ya samo mana gudummawar 'yan unguwa mazauna Abuja da Legas ta taransifa, ya kawo shawarar a kafa rumfa, a gayyaci manya, a jera yaran a ɗauki hoto a sa a Facebook. Hujjarsa ba ta banza ba ce. Ya ce mai bayarwa daga nesa yana son ya gani da idonsa, kuma ƙungiyoyin da ke sa hotuna sun fi mu samu. Mutane da yawa suka gyaɗa kai.

Na ɗaga hannu, karo na farko a shekara huɗu. Na ce, "Ranka ya daɗe Shugaba, ni na taɓa tsayawa a wannan layin." Zauren ya yi tsit. Na gaya musu abin da yaro ke ji in an kira sunansa a gaban jama'a, na ce hoton da aka sa a intanet yana nan har yaron ya girma ya je neman aure. Na tuna musu ayar Suratul Baƙara da ta ce in an bayyana sadaka ya yi kyau, in kuwa an ɓoye aka ba mabuƙata shi ya fi alheri. Na ce mai son gani, mu nuna masa kaya da rasit da littafi, mu kuma liƙa cikakken lissafi a ƙofar masallaci Juma'ar farko bayan sallah, kowa ya karanta. Aka kaɗa ƙuri'a, muka yi rinjaye da ƙyar. Mutum ɗaya daga cikin masu aiko da kuɗi ya janye alkawarinsa da ya ji babu taro. Ya yi mini zafi, don takalman yara shida ne, sai da muka yi karo-karo a tsakaninmu muka cike.

A goman ƙarshe muka yi rabo, bayan asham, gida uku ko huɗu a dare. Matan ne ke shiga da baƙar leda su miƙa wa uwa ko kaka, su ce ta ba yaron da hannunta. Ranar Juma'a 21 ga Afrilu aka yi salla. A hanyar idi na hango wani yaro cikin shuɗin yadi da na gane, don ni na riƙe bakinsa Alhaji na yankawa. Yana gudu cikin tsaransa yana riƙe hula kada ta faɗi, babu mai kallonsa sau biyu. Na tsaya a gefen hanya har sai da ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, za a tayar da salla."

Kwana uku bayan salla muka zauna ni da Ma'aji don fitar da lissafin da na yi alkawarin liƙawa. Muka bi littafi da takardar banki layi-layi har sau uku. Akwai naira dubu tamanin da biyar da na rubuta da hannuna cewa sun shigo, na ga alat ɗinsu da idona a wayar wanda ya turo, na kuma ba shi rasit. A asusun ƙungiya babu su. Ga shi na riga na karɓo kaya bashi a kansu, da sunana. Ma'aji ya rufe littafin ya ce, "Malam, Juma'a saura kwana huɗu. Me za mu liƙa?"

Abin da muka liƙa, da yadda ta kaya tsakanina da mai alat ɗin, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.