Haya da yagewa: yadda kalmomi biyu na Turanci suka yi kama a baki da a takarda

Mai koyon Turanci yakan fara sanin kalmar "rent" da ma'anar haya ko kuɗin haya. Ranar da ya ci karo da jimla irin "he rent his shirt" a wani tsohon rubutu, sai ya ɗauka hayar riga aka yi, alhali mutumin yaga rigarsa ya yi. Kalmomi biyu ne da suka yi kama a baki da a takarda, amma kama da wane ba ta wane.

Ta hayar baƙuwa ce a Ingila. Ta shigo ne daga tsohon Faransanci, "rente", a ƙarni na 12, bayan Normawa, mutanen Normandy da ke arewacin Faransa, sun ci ƙasar da yaƙi a 1066 harshensu ya mamaye kotu da harkar filaye. Tushenta Latin ne, "reddere", wato mayarwa: abin da mai noman gonar wani yake mayar wa mai ƙasa. Ta yagewa kuwa 'yar gida ce. Daga aikatau "rend" take, wanda a tsohon Ingilishi ake cewa "rendan", kuma "rent" shi ne sigarsa ta abin da ya wuce, kamar yadda "send" ke komawa "sent".

Hanyar rarrabewa ba wuya. A dubi wutsiyar aikatau ɗin: wanda ya kama haya jiya "rented" ya yi, wanda ya yaga kuwa "rent" ya yi, ba ƙari. Idan suna ne, a dubi maƙwabtansa. "A rent in the cloth" yagewa ce a jikin yadi, wadda za ka iya zura yatsa a ciki. Rashin sanin "rend" ne ke sa wasu rubuta "heart-rendering" maimakon "heart-rending", abin da ke tsaga zuciya don tausayi, kuma kuskuren yana ɓata rubutu mai kyau.

"Lease", wata kalmar haya, ita ma ta Faransanci ta biyo, daga "laissier", sakin abu, tushenta kuma "laxare" na Latin, sassautawa. 'Yan'uwanta su ne "release" da "relax". Ana amfani da ita ga yarjejeniya a rubuce mai wa'adi. Inda ake tuntuɓe shi ne sunayen ɓangarorin: "lessor" mai bayarwa, "lessee" mai karɓa. Duk wanda ya juya su a takarda ya ɗora wa mai gida nauyin ɗan haya. Haka kuma "rent" da "lease" suna aiki ta fuska biyu, sai "from" ko "to" su nuna wa ya karɓa, wa ya bayar. "Let" ita kam mai dukiya kaɗai ke yin ta, shi ya sa allon gidan haya a Birtaniya ke ɗauke da "To Let". Ita kuma "hire", wadda daga gare ta Hausa ta ari "haya", a Birtaniya ana hayar mota da ita, a Amurka kuwa galibi ɗaukar ma'aikaci take nufi.

A maganar yau da kullum "tear" ce ta gaje kujerar "rend". Ita ma tana da tagwai a rubutu: ta yagewa, daga "teran", furucinta ya yi kusa da "teya" kuma tana komawa "tore" da "torn", ta hawaye kuwa ana furta ta kusa da "tiya".