Ashe tayar ƙanƙara muke saye a Kebbi

Shekaranjiya na tsaya wurin mai faci nan Birnin Kebbi zan canza tayar baya, ya mirgino min wata 'yar Beljiyam zanenta raɗau kamar sabuwa, har mun fara ciniki sai idona ya kai kan wani ɗan tambari a gefenta, hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a ciki. Na ɗauka a waya na tura ma ƙanena da ke karatu a Kanada, nan take ya kira ya ce Yaya don Allah kar ka saya, wagga tayar hunturu ce.

Ashe robarta daban take, da laushi aka yi ta don kar ta ƙandare in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, ga wasu 'yan tsage-tsage a jikin zanen masu cizon ƙanƙara. A lardin Kwibek na Kanada ma doka ce, daga 1 ga Disamba har 15 ga Maris dole ka sa ta. To ka ɗauko irin wannan ka ɗora kan kwaltar Jega a watan Afrilu rana ta haura digiri 40, ai nan da nan za ta suɗe, birki ma ba zai kama yadda ya kamata ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, motocin haya nawa ke jigilar bayin Allah a kan irinta.

Na tambayi ƙanen nawa, to mota mai fowil fa, wato wadda ke ja da ƙafa huɗu? Ya ce fowil tashi kawai take taimaka maka, in ka zo tsayawa ko shan kwana a santsi taya ce ke magana, don kowace mota da ƙafa huɗu take kama birki. Sai na tuna taɓon fadamar Argungu da damina, Golf da ke ja da gaba nauyin inji na danne mata taya tana lallaɓawa ta fice, Hilux kuwa in ba kaya kuma ba a sa fowil ba sai bayanta ya dinga wutsil-wutsil har sai an jefa mata buhun shinkafa biyu. Su can buhun yashi suke sawa, ya ce.

Na mayar ma mai faci tayarsa. Wadda na ɗauka sai da na durƙusa na duba lambobi huɗun nan na gefe, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta.